Ranar da Motata Ta Sha Farau-farau

Motar da nake yawon kasuwanni da ita ba irin wadda aka saba gani a tashar Tasawa ba ce. Wani Bature ne can ƙasarsu ya mayar da ita ɗaki: gado a baya, 'yar ma'ajiyar kwanoni, taga mai labule, har da wurin wanke hannu da tankinsa na ruwa. Da ta tsufa aka loda ta a jirgin ruwa, ta sauka Kwatano, ta biyo sahun tsofaffin motoci har ta iso wajenmu. Direbobin haya suka leƙa, suka ga babu kujerun fasinja, suka juya abinsu. Ni kuwa ina ganin gadon nan na ji raina ya kwanta a kansa tun kafin jikina ya hau. Sana'ata sayar da robobi da kwanoni ce. Ranar kasuwar Maijirgi ina Maijirgi, ta Kona ina Kona, in leƙa Baudeta, in haura Mayahi. Wanda ya sha kwana a rumfar kasuwa yana matashi da takalminsa ba sai an yi masa tallar gado ba.

'Yan kasuwa suka laƙaba mata suna Shigifa, wato ɗakin soro, ni ma na karɓa. Abu na farko da na yi mata shi ne cire tankin ruwan nan na Bature, don in sami wurin jera bokitai. Na ambaci wannan ne tun yanzu saboda a san cewa mota mai ɗauke da ruwanta aka ba ni, ni na raba ta da shi da hannuna.

Ina da halaye biyu da suka daɗe suna ja mini, Allah ya yafe mini. Na farko, bakina ba ya rufuwa wajen yabon abin da na mallaka. Duk majalisar shayin da na zauna sai na faɗa cewa Shigifa ba ta taɓa tsaya mini a hanya ba. Na biyu, duk abin da za a yi yau, ni gobe ta fi yi mini kyau da shi. Tun cikin bazara na lura motar tana shan ruwa fiye da da. Kowace safiya in ɗaga kujerar gaba, don injinta a nan ƙarƙashi yake, in buɗe marfin radiyata, wato tukunyar da ruwan sanyaya inji ke zagayawa ta cikinta, in tarar ruwan ya yi ƙasa. In cika, in leƙa ƙarƙashin gaban motar, in ga ƙasa a bushe, in ce zafin bana ne. Ruwan nan mai launin kore da ta zo da shi daga Turai ya daɗe da ƙarewa, ruwan rijiya zalla take sha kamar kowa.

A daidai lokacin kuma tabarmar da ke shimfiɗe a gindin gado kullum da danshi. Wannan ban ma haɗa shi da wancan ba. A nan nake ajiye butar alwala, sai na ɗora wa buta laifi. Na canza buta, danshi bai tafi ba. Na sake canzawa. Mai sayar da butoci ne ni, ba ta yi mini wuya ba. Har na fara zagin masu ƙera su a raina, ina cewa robar yanzu ba ta da albarka.

Kawuna, yayan mahaifiyata, yana zaune a wani ƙauye can gefen Mayahi, an ratse daga babbar hanya. Daminar da ta wuce ba ta yi musu kyau ba, rumbu ya ƙare da wuri, har suka ci irin da suka ajiye. Da na je gaishe shi ya ja ni gefe ya faɗa mini, murya ƙasa-ƙasa, don abu ne da manomi ke jin kunyar faɗa. Na buga ƙirji na ce ya bar mini wannan. Kuma na saya, wannan kam ban yi ƙarya ba: gero mai saurin nuna, da ɗan wake, na ɗaure bakin buhu na tura ƙarƙashin gado. Ya ce in kawo kafin ruwa ya sauka. Na ce in na tashi daga kasuwar Maijirgi. Da na tashi daga Maijirgi sai Kona ta yi kira. Buhu yana ƙarƙashina ina barci a kansa, muna ta zagaya ƙasa tare.

Wata safiya ina karyawa a Tasawa salula ta yi ƙara. Kawu ne, da wayar maƙwabcinsa.

"An yi ruwa jiya," in ji shi bayan mun gaisa. "Na tona da hannu, laima ta yi nisa. Kowa ya fita."

"Alhamdu lillahi, Kawu. Allah ya sa mai albarka ne."

"Amin. Ina iri?"

"Ga shi nan, Kawu, yanzu ma nake shirin tasowa."

Ba shirin da nake yi, amma daga wannan magana na fara. Gonar Kawu jigawa ce, yashi ne da ba ya riƙe laima. In ruwan farko ya sauka ana shuka ne a kan ɗanyar ƙasa, in aka bari rana ta buge ta, shi ke nan, sai jiran wani ruwan da ba wanda ya san ranar zuwansa. Na cika radiyata, na cika bido ɗaya, wato jarka, na kama hanyar Mayahi.

Garin ya yi daɗi a ranar. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana shigowa ta taga, ko'ina ka duba mutane ne a gona, namiji a gaba yana sara da sungumi, mata da yara a baya suna jefa iri suna rufewa da diddige. Ina ɗaga musu hannu ina sannu da aiki kamar wani mai rangadi. Ban yi nisa ba allurar zafi ta fara hawa. Na tsaya, na jira inji ya huce, na ƙara ruwa. Jiran nan ba haƙuri ne ya koya mini shi ba. Na taɓa buɗe marfin da zafinsa, tururi ya yi mini aski a gefen gemu, tun daga ranar nake ba shi girmansa. Na ci gaba, allura ta sake hawa, na sake tsayawa. Da na bar babbar hanya na shiga yashi, inji ya ƙara wahala, kujerar da nake kai ta ɗauki zafi kamar an zaunar da ni a kan tanda. Kafin hantsi ya yi ƙarfi bido ya ƙare ƙaf. Ga shi yashi ya shanye ruwan jiya, ko ɗan kududdufi babu.

Da ƙyar na lallaɓa zuwa wani ɗan ƙauye. Na ajiye motar a bayan wata darni, nesa da idon mutane, don kada labari ya riga ni isa kasuwar Mayahi cewa an ga Shigifa tana tururi. Wahalar banza na yi, garin ba kowa, duk an tafi shuka. Na yi sallama a gida na farko shiru, na biyu shiru. A na uku wata tsohuwa ta amsa, ta fito tana dogara sanda, ƙarama ce, idonta kuwa tar.

"Inna, baƙo ne. A taimaka da ruwa."

"Marhabin. Zauna ga turmi nan."

Na zauna. Na ji ta a ciki tana ta ƙwaramniya, har da ɗan daka. Can ta fito da ƙwarya cike da farau-farau, ruwa mai sanyi da aka dama gumba a ciki. Haka ake yi a wajenmu, kowa ya sani, ni ma na sani: ba a miƙa wa baƙo ruwa tsura sai in gidan ba komai, kuma ko ba komai ɗin ne sai an ba da haƙuri. Na sha, da ma ina jin ƙishi. Sannan na miƙa mata bido na ce ko za ta zuba mini na hanya.

A nan ya kamata in ce, Inna, na mota ne, tsura nake so. Bakina ya ƙi. Tsohuwa ta tashi ta yi daka domina, in ce mata ƙarfe zan ba? Kuma in na faɗa, na amsa ke nan cewa motar ta gaza. Ina cikin wannan lissafi ta dawo tana jan bidon da ƙyar, ta cika shi, fari sol, ta juye sauran gumbar duka a ciki.

"Na ƙara maka kauri," in ji ta. "Mai tafiya ba ya sanin inda azahar za ta same shi."

Na yi godiya, na ɗauka, na zagaya bayan darni. Na tsaya da bido a hannu ina kallon bakin radiyata. Rijiyar garin tana can bakin gari, mai zurfi, ba ni da guga, ba ni da igiya. Sai na tuna wata hira da na taɓa ji a tasha, direbobi suna cewa in radiyata tana yoyo a zuba mata ɗan gari, yana toshe huda. Wani ya ce ƙwai, wani ya ce garin taba. To gero ai ya fi su duka asali. Na yi bisimilla na tuttula.

Wallahi da farko abin ya yi kamar ya ci. Na tashi mota, allura ta zauna a tsakiya, na fita gari ina murmushi, har na fara tsara yadda zan ba da labarin a majalisa, da yadda zan nuna cewa da gangan na yi. Ban wuce gonakin garin ba na ji wani ƙanshi da na sani tun ina yaro, ƙanshin kunu a kan wuta. Na dubi allura, ta haye can ƙarshe ta jingina. Inji ya fara wani ƙas-ƙas, tururi yana fitowa ta gefen kujera. Na kashe da sauri.

Ba yadda zan yi, na kira taubashina. Ɗan Kawu ne na cikinsa, bakanike ne a Mayahi, kuma tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba tare da ɗaya ya ci mutuncin ɗaya ba. Shi ne mutum na ƙarshe a duniya da nake so ya ga wannan abu.

"Ɗan gwaggo!" in ji shi. "Tsoho yana can yana jiranka, ni ma yanzu zan rufe gareji in tafi. Kana ina?"

Na faɗa masa inda nake, na ce motar ta ɗan yi zafi.

"Wace mota? Ba dai Shigifa ba? Wadda ba ta taɓa tsayawa ba? Sake faɗa, layin ba kyau."

"Ka ji ni sarai, ɗan kawu. Ka zo da kayan aiki."

Da inji ya huce na juya a hankali na koma garin, tunda nan ne kawai ake da rijiya. Wannan karon ƙarfin motar ya ƙare daidai ƙofar gidan tsohuwar. Ta fito ta dube ni, ta dubi motar, ta shaƙi iska.

"Ɗana, wa ke dama kunu a cikin motarka?"

Na sunkuyar da kai na faɗa mata gaskiya. Na zaci za ta ji haushi. Sai ta zauna a kan turmi ta fara dariya, irin wadda ba sauti sai kafaɗu, har tana share ido da bakin zane.

"Gumbata ka ba ƙarfe? To mi ya hana ka ce na mota ne? Ni na taɓa hana jaki ruwa balle mota?"

"Kunya ce, Inna."

"Kunya. To ga ta nan ta dahu."

Wajen azahar ɗan kabu-kabu ya sauke taubashina da jakar kayan aikinsa. Bai ko gaishe ni ba, ya durƙusa ya gaida tsohuwa, ya ɗaga kujera, ya sa tsumma ya buɗe marfin radiyata, ya tsoma yatsa. Ya fito da shi ya duba. Ya shinshina. Ya dube ni.

"Inna, a gidan nan akwai sukari? A kawo ludayi kuma. Alhajin robobi ya yi mana walima."

"Kai dai yi abin da ya kawo ka, sarkin baƙin mai."

"Shekara nawa ina wannan aiki, an kawo mini mai ƙwai, an kawo mini mai sabulu. Yau ga mai kunu. Saura ƙosai, ɗan gwaggo, ko shi yana cikin tankin man gazuwal?"

Muna cikin haka, ni ina karewa shi yana ƙari, sai tsohuwa ta ce, "Wai ba iri kuka ce za ku kai ba? Mi ya sa ba ku ba mai babur ɗin nan ya wuce da shi ba?" Muka juya tare. Mai babur ya daɗe da tafiya, shi ma gonarsa yake sauri, ko ƙararsa ba a ji. Jakunan garin duk suna gona. Na ji daɗin cewa wannan wautar aƙalla ni da taubashina muka raba ta.

Daga nan ya kama aiki da gaske, don rana tana ta bugun gonar ubansa. Ya zaro sandar awon mai ya duba a haske. Ya ce in man ya yi fari kamar an zuba masa nono, to ruwa ya shiga cikin inji, sai in fara neman mai sayen gado. Man baƙi ne wuluk, na yi hamdala. Ya ce to famfon ruwa ne ke yoyo, ya rantse a kan haka. Ya girgiza fanka, ba ta motsi, ya shafa ƙasan famfon, a bushe. Ya ce to marfi ne. Ya duba robar marfin, ba laifi. Ya bi tiyon sama da na ƙasa yana matsawa, ya shiga ƙarƙashin gaban motar ya fito da yashi a ƙeya.

"Ruwa dai ba ya ɓacewa haka kawai," in ji shi yana sosa kai. "Ko kai kake shanye shi?"

Tsohuwa ce ta nuna da sandarta. "Ni ban san mota ba, amma ku bar gaban nan ku dubi kajina. Tun da ka dawo suke can."

Muka zagaya. Kajin gidan duka sun taru a ƙarƙashin bayan motar, daidai saitin gado, suna ta tsattsagar wani abu. Taubashina ya kore su ya kwanta ya leƙa. Kunu ne yake ɗiga, ɗis, ɗis, daga jikin wani tiyo da ban taɓa sanin da shi ba. Ya bi shi da hannu, sai ga shi su biyu ne, sun taso tun daga inji sun bi ƙarƙashin daɓen motar sun shige gindin gado.

"Ka ga aikin Nasara," in ji shi daga ƙasa. "Ƙasarsu sanyi gare ta. Ruwan zafin inji suke jawowa har nan ya ɗumama musu ɗaki. Ga wata 'yar radiyata a ƙarƙashin gadonka. Tiyon ya tsage a bakinta. Kai ba ka taɓa ganin danshi a ciki ba?"

"Na gani. Na ce buta ce."

"Buta!"

Ya yi bayanin sauran yana dariya. Muddin ruwa tsura nake zubawa, yana zuba a baya yashi ya shanye, ni kuwa ina can gaba ina leƙe. Gumba da ta dahu ta toshe ƙananan hanyoyin radiyata, ruwa ya rasa wurin zagayawa, shi ya sa inji ya tafasa, abin da ya rage kuma ya matso ta tsagar ya faɗo wa kaji.

Ban tsaya jin ƙarshen bayanin ba, don na tuna abin da ke ƙarƙashin gadon. Na faɗa cikin mota, na watsar da bahuna, na jawo buhun iri. Gefensa ɗaya a jiƙe yake sharkaf, da ɗumi. Na kwance baki. Na sama lafiya lau, yana zuba shar-shar. Na ƙasa, wajen gefen da ya jiƙe, ya dunƙule ya yi baƙi yana warin tsami. Ba ranar ya fara jiƙa ba, tun ina canza butoci yake sha.

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Tsohuwa ta ce a kawo mata buhun. Ta shimfiɗa tabarma a inuwa, ta juye, ta ɗauko faifai ta fara ware mai kyau da ruɓaɓɓe. "Ku tafi ku wanke wa motarku ciki," in ji ta. "Wannan aikina ne." Ta ba mu guga da igiya.

Muka tura Shigifa zuwa bakin rijiya. Taubashina ya cire tiyon ƙasa, kunu ya kwararo, awaki suka zo ta'aziyya. Ya ce ni na dama, ni zan ja ruwa. Rijiyoyin wajen nan in ka leƙa sai ka ga ruwan kamar ƙwayar ido don nisa, hannuna kuwa bai san komai ba sai ƙirga kofuna. Ina ja yana zubawa ta sama, yana fita ta ƙasa fari. Ya juya ya ɗura ta ƙasa ya fito ta sama da guda-guda. Muka yi ta yi, tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, shi kuwa yana ta ba ni ƙarfin gwiwa da cewa guga ɗaya ya rage, har na daina yarda da shi. Sai da ruwan ya fito garau ya ce ya isa.

Tiyon baya kuwa bai ko yi wahalar ɗinke shi ba. Ya ce, "Akwai ranar da ka taɓa kwana a Tasawa ka ce ina ma a ƙara zafi?" Ya yanke su biyun kusa da inji. Yana neman guntun bututun da zai haɗa bakinsu da juna, idonsa ya faɗa kan sandar labulen taga, ƙarfe ce mai rami. Ya zare ta, ya yanki guntu da zarto, ya cusa a tsakani, ya matse da zobban ƙarfen da ya ciro daga baya, ya ƙara da waya. Muka cika ruwa tsura, ya tashi inji da marfi a buɗe, yana matsa tiyon sama kamar mai tatsar saniya har kumfar iska ta gama fita, ruwan ya daina sauka. Ya rufe, muka jira. Allura ta hau zuwa tsakiya ta tsaya. Muka leƙa gaba, muka leƙa baya. Ko ɗigo.

Da muka koma, tsohuwa ta gama. Abin da ya lalace ta tara wa kaji, wanda ya tsira ya fi yawa, amma buhun ya rage ƙwarai. A gefe kuma ga wata 'yar jaka da ba tamu ba.

"Nawa ne, na gidan nan," in ji ta. "Ba ya sauri kamar naku, amma ya san ƙasar nan. Ku sa shi wajen kwari."

Na buɗe baki zan yi ta-ta-ta, ta ce in tafi rana tana yi.

La'asar ta yi sanyi muka isa. Tun daga nesa na hango Kawu a bakin gona, zaune, sungumi a kan cinya. Da na matso na ga abin da ya yi da yininsa. Bai aro irin kowa ba, tunda na ce masa ina tafe. Sara ya yi ta yi tun safe, layi bayan layi, shi kaɗai da tsufansa, don in na iso jefawa kawai za a yi. Ramukan suna nan a buɗe, ba komai a cikinsu. Na wajen tudu, waɗanda ya fara da su, bakinsu ya riga ya yi fari.

Na durƙusa na gaishe shi. Ina jiran faɗa, na ma fi son a yi mini shi.

"Ka iso?"

"Na iso, Kawu."

"To ɗauki ƙwarya."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Taubashina ya karɓi sungumi daga hannun ubansa. Muka fara daga ƙasa inda laima take, matan gidan suka fito, muka yi ta jefawa muna takewa har ido ya daina gani. Da asuba muka koma muka ci gaba. Irin tsohuwa muka sa a kwari kamar yadda ta ce. Wajen tudun kuwa Kawu ya tona da hannu ya girgiza kai. Muka binne iri a busasshiyar ƙasa muka bar wa Allah.

Na ƙasa ya fito gwanin kyau. Na tudu ya jira ruwa na biyu, wanda ya yi nawa, kafin nan tururuwa da tsuntsaye sun ɗebi rabonsu, ya fito tsilli-tsilli, aka maimaita wasu guraben amma bai kamo sauran ba. Duk daminar nan in na je gaisuwa, tun daga hanya ake ganin bambancin, ƙasa duhu, sama kamar kan mai sanƙo. Taubashina ya sa wa wajen suna gonar ɗan gwaggo, kuma sunan ya bi shi. Kawu bai taɓa faɗa da bakinsa ba, bai kuma taɓa hana a faɗa ba.

Da kaka rumbu bai cika ba, amma ya kai su, kuma Kawu ya ware na iri ya rataye tun kafin a taɓa na ci. Na kwarin nan, irin tsohuwa, shi ya fi kowane tsawon zangarniya. Kawu ya zaɓi masu kyau ya ɗaure dami guda da hannunsa ya ce in kai wa matar nan, yau ba gobe ba. Na ɗora shi a kan gado, ba ƙarƙashi ba, na tafi a ranar.

Ta gane motar tun kafin ta gane ni. Na sauke damin a ƙofar gida, na haɗa mata da baho ɗaya da buta daga cikin kayana, na isar da gaisuwar Kawu. Ta sa albarka, ta ce in zauna ga turmi nan, ta shige ciki. Na ji 'yar dakan nan. Can ta fito, ƙwarya a hannu ɗaya, tana jan bokiti da ɗayan. Ta miƙa mini ƙwaryar, ta ajiye bokitin ruwa tsura a gaban motar.

"Wanga naka, wancan nata," in ji ta. "Ka sha a gabana in gani."